Abin da Baba Kura Ya Binne a Rairayi

Baba Kura yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da na yi wayo abu biyu na san shi da su: zanen ƙwarya, da barin gida da zarar sanyi ya shigo. Idan aka gama girbi aka kai gero rumbu, sai ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma, ya shiga ya durƙusa wa mahaifiyarsu Hajja Kaka, ya hau mota zuwa Babura. Daga can kuma ya nausa arewa, cikin rairayin da ke dab da iyakar Nijar, inda ya kafa bukkoki biyu shi kaɗai. Ba ma sake ganinsa sai zafi ya fara, ya dawo Kazaure da buhuna cike da ƙorai, ya rame, ya yi baƙi, yana ta ba'a kamar jiya ya fita.

Mu Barebari ne. Kakanmu ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ya ga ƙasar noma a gindin duwatsun Kazaure, ya zauna. Har yanzu idan Hajja Kaka ba ta son mu jikoki mu ji abin da take faɗa wa 'ya'yanta, da Barbarci take yi. Mahaifina Malam Shafi'i, wanda muke kira Abba, shi ya yi boko ya zama ma'aikacin gwamnati. Baba Kura kuwa an sa shi makaranta ya gudu. Aka zaunar da shi a rumfar kanwa, ya cika mudun awo da zane har masu saye suka fara cewa an yi wa mudun asiri. A ƙarshe kakanmu ya gaji ya ƙyale shi. A wajen wata tsohuwar Bafillatana da ke ruga kusa da Roni ya koyi ƙona zane a jikin ƙwarya da wuƙa mai zafi. Yakan ce ta karɓe shi ne don ta sami Babarbaren da za ta riƙa aika ɗebo ruwa tana zagi kyauta. Ya yi aure sau ɗaya. Matar, Inna Fatu, ta rasu ina firamare, ba su haihu ba, bai kuma ƙara ba. Da tana raye kwana kaɗan yake yi a arewa ya dawo. Bayan rasuwarta ne ya mayar da zaman na duk tsawon sanyi.

Ba wanda ya taɓa ganin aibin wannan a gidanmu sai bara, da wani mutum ya ɓace.

Sunan mutumin Ɗayyabu, Bafillace ne mai kawo raguna kasuwar Babura, kuma abokin Baba Kura ne na shekaru. Ya bar gida a farkon sanyi, ya ce wa matarsa zai biya ta wurin Babarbaren nan ya karɓo mata ƙwaryar da ta sa a zana. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka yi ta nema aka rasa, sai wasu suka tuna cewa sun taɓa jin Baba Kura a tsakiyar kasuwa yana ce masa ranar da ya sake zo masa hannu rabbana, ba ko ɗan nono, a rairayin nan zai binne shi ba mai ji. A ranar kowa dariya ya yi, don kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kuma abin da Ɗayyabu ya mayar masa ya fi wannan muni. Amma yanzu da mutum ya ɓace, masu maimaita maganar ba sa haɗa ta da dariyar.

Wani surukinmu na garin Kanya Babba da ake kira Maikasuwa shi ya kawo wa Abba labarin. Bayan tafiyarsa Abba ya kira ni ɗakinsa da la'asar ya rufe ƙofa. Ya ce dangin Ɗayyabu ba su kai sunan kowa wajen hukuma ba tukuna, amma maganar tana yawo. Shi yana gab da ritaya, ga bikin ƙanwata Zulaikha yana tafe. Idan akwai wani abu a wurin nan, gara shi da bakinsa ya kai sunan yayansa tun kafin a zo a ɗaure su gaba ɗaya da shi. Idan kuma babu, ya san abin da zai tsaya a kai. Shi ba zai iya zuwa ba, ƙane ba ya zuwa binciken ɗakin wansa, kuma duk Babura za a san dalilin zuwan. Ni kuwa ɗa ne da ya gama karatu bai je gaida babansa ba. Ya saya masa sabon bargo, Hajja Kaka kuma, wadda ba ta san komai ba, ta ƙulla kuka da daddawa da yaji.

"Ba na ce ka tambaye shi komai ba," in ji Abba. "Ka dai buɗe idonka. Abin da ka gani shi za ka gaya mini, a kansa zan yi abin da zan yi."

Ya kamata in faɗi halin da nake ciki a lokacin. Ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba. A hanyar dawowar aka tare motarmu a wani daji, aka yi harbi, na faɗa cikin ciyawa na kwanta. Inda na ɓuya akwai gawar wani mutum da aka yar tun kafin mu, ban kuma iya motsawa daga kusa da ita ba sai da sojoji suka zo. Na dawo gida ba ko ƙwarzane, kowa yana yi mini barka. Amma tun daga ranar ko babur ya tsaya a bayana sai in waiga a firgice, kuma duk wanda ya dube ni ya ƙara dubawa sai in fara tunanin wa ya turo shi. Abba ya san da haka. Ina jin ya ɗauka tafiyar za ta fitar da ni daga ɗaki.

A tashar Babura na sami ɗan acaba, wani magidanci mai suna Muhammad Sani. Da na faɗi wurin wanda zan je sai ya dube ni, ya gyara hular sanyinsa, ya ce in hau. Muka bar kwalta, muka bar gonaki, ƙasa ta fara yin fari da laushi, itatuwa suka ragu sai aduwa jefi-jefi da tumfafiya da kaba. Wayata ta daina kama layin gida. Da yashi ya fi ƙarfin babur sai ya tsaya ya nuna mini wata goriba mai reshe biyu, ya ce in miƙe in bar ta a hannun dama. Na roƙe shi ya raka ni, ya ce yana da fasinja. Muka yi da shi zai dawo nan gobe da azahar. Ina tafe ina waige har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace.

Wurin ya fi yadda nake zato tsafta. Bukkoki biyu na kara, rumfa a tsakaninsu, jaki a ɗaure. An kife ƙorai a kan rumfar da kewayenta, manya da ƙanana, masakai da ƙoƙuna da ludaya, launinsu kamar zuma. Baba Kura yana zaune a ƙasa gaban ɗan garwashi, sanye da tsohuwar suwaita a kan rigarsa, ya matse ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Siraran wuƙaƙe suna jere a cikin wutar, bakinsu ya yi ja. Ya ɗago, tsagar fuskarsa ta tattare da murmushi.

"Mai Digiri, kai ne da ƙafarka? An kori Kazaure ne?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Hajja Kaka, ya tambayi kowa da sunansa, ya yi mini jajen abin da ya same ni a hanya, ya ce labari ya iske shi har nan. Ya kwance ƙullin yaji ya shinshina ya ce hannun tsohuwa ne. Da ya zo kan bargon sai ya ɗaga shi ya jujjuya.

"Wannan fa?"

Na ce Abba ne ya ce a kawo masa.

"Shafi'i? Tun kafin a haife ka nake shan sanyi a nan, ko safa bai taɓa aiko mini ba. Ko an yi masa ƙarin girma ne?"

Ya yi dariya, na yi, amma bai shimfiɗa bargon ba. Ya rataye shi a jikin rumfa yadda yake a leda, ya koma kan aikinsa.

Ban taɓa ganinsa yana aiki ba sai ranar. A gida ƙorai suke zuwa mana a gama. Ba ya fara zana komai da alli ko gawayi. Ya ciro wuƙa daga wuta, ya hura mata sau ɗaya, ya ɗora bakinta a kan ƙwarya yana juya ƙwaryar da gwiwa, hayaƙi ya tashi mai ƙanshi kamar na soyayyar gyaɗa. Kafin wuƙar ta huce ya mayar ya ciro wata. Babban ɗan yatsansa ya ƙone har ya zama kamar ƙahon rago. Ya ce ba ya yi wa mata biyu zane iri ɗaya. Idan mace ta zo da buƙata sai ya sa ta hira tukuna, ta gaya masa sunayen shanunsu, da ta ina suke bi zuwa rijiya, da abin da uwarta take zanawa a tata ƙwaryar. Ya nuna mini wata da ya gama: layi ne ya kewaye bakinta yana hawa yana sauka, sai a wuri guda ya karye ya koma baya kafin ya ci gaba. Ya ce mai ita ta taɓa yin yaji ta dawo, kuma ita ta ce a sa.

Da a ce gaisuwa kawai ta kawo ni, da na ji daɗin wannan yinin. Amma idona yana kan wuƙaƙen, ina ƙiyasta tsawonsu.

Da yamma wasu mutum biyu suka ɓullo ta arewa a ƙafa, sun rufe fuska da rawani sai idanu. Baba Kura ya tashi ya tare su nesa da rumfa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ɗaya ya sauke wani buhu a ɗaure, Baba ya kai bukka ta biyu ya ja asabari. Ɗayan ya nuna ni da haɓa, Baba ya ce wani abu, suka dube ni duk su biyun suka juya. Da ya dawo ya ce mutanen tsallaken iyaka ne, da sefa, kuɗin Nijar, suke ciniki, ba su iya doguwar gaisuwa ba. Bai faɗi abin da ke cikin buhun ba, ni ma ban tambaya ba. Yana iya zama irin duma. Yana iya zama komai.

Muna cin tuwo kafin magariba na karya umarnin Abba. Na ce na ji a tasha ana maganar wani Bafillace da ya ɓace. Baba Kura ya tsaya da lomar a hannu.

"Ɗayyabu. Ya zo nan. Ya karɓi ƙwaryar matarsa, ya sha ruwa, ya ce zanen bai kai na bara ba, na ce idonsa ne ya tsufa. Ya bi ta can." Ya nuna arewa. "Allah ya bayyana shi."

Ya mayar da lomar cikin kwano bai ci ba.

Ina tashi zan zaga na nufi bayan wani tudun yashi da ke yamma da bukkokin, sai ya ɗaga murya ya ce ba nan ba, in bi ta gabas. Ya ce kada in kuskura in taka bayan tudun nan. Ina juyowa iska ta sauya, ta kaɗo daga wajen, ta kawo mini wani wari. Ɗan kaɗan ne, ya zo ya wuce. Amma na san shi. Na kwanta kusa da irinsa a cikin ciyawa. Na tsuguna a nan kamar mai gyaran takalmi har numfashina ya dawo.

Da safe bayan ya ɗumama mana tuwo, Baba Kura ya ɗaura jarkoki a kan jaki ya ce zai je rijiya, da ɗan nisa, in zauna in sha hantsi. Na bi shi da ido har ya sauka bayan wani tudu. Na fara leƙa bukka ta biyu. Buhun jiya ba ya nan, ko kuma yana cikin waɗanda aka jibge a kusurwa, duk kamarsu ɗaya. Na ga fartanya a jingine, na ɗauka.

A bayan tudun da ya hana ni zuwa akwai wuri da aka tone aka mayar. Dogo ne, ya kai tsawon mutum a kwance, yashinsa ya fi na kewaye duhu saboda danshi, an ɗan tudunta shi. An jera rassan ƙaya a kai an danne da itace, daidai yadda ake yi wa sabon kabari a ƙauye don kada karnuka su tone. Ƙudaje suna tashi suna sauka. Warin a nan ba ya wucewa, a tsaye yake.

Na san akwai abin da ya fi wannan hankali. In koma rumfa, in jira azahar, in kai wa Abba labarin abin da na gani. Amma na san abin da Abba zai yi da labarin kabari a bayan bukkar yayansa, kuma na san idan ban gani da idona ba, ni da barci mun rabu ke nan. Na janye ƙayar, ta yayyage mini hannu. Na ɗaga fartanya na fara sara ta ɓangaren da na ɗauka nan ne kai.

Ban yi nisa ba fartanyar ta faɗa kan wani abu mai tauri ya fashe. Wani ruwa mai kauri ya tsarto mini a ƙafa. Ta cikin yashin na ga wani abu fari-fari mai zagaye, ya tsage. Na yar da fartanya na faɗi da baya. Na yi amai har ba abin da ya rage, kunnuwana suna ƙara, na rasa ko a rairayi nake ko a cikin ciyawar nan. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba kafin in iya kallon ƙafata. Abin da ya manne a kan yatsuna 'ya'ya ne, masu faɗi, irin na duma.

Na rarrafa na share yashin da hannu. Duma ne a jere cikin ramin, ɗaya kusa da ɗaya, kowanne an huda shi ta wajen hanci. Wanda na sara shi ne babbansu, hannuna biyu ba za su kewaye shi ba. Tsagar ta taso daga sama har kusan gindi. Ina durƙushe a wurin ne na hangi wani tudun can gaba kaɗan, bai kai wannan tsawo ba, shi ma da ƙaya a kansa. Sai na ji takun jaki.

Baba Kura bai yi faɗa ba. Ya sauke jarkokin ɗaya bayan ɗaya, don ashe ruwan nan wurin yake kawo shi. Ya durƙusa a bakin ramin, ya ciro babban duman ya ɗora a cinya, ruwan ruɓa yana zuba a kan suwaitarsa. Ya bi tsagar da ƙonannen yatsansa daga farko har ƙarshe.

"Na Zulaikha ne," ya ce.

Ba ni ya kalla ba, duman yake yi wa bayani. Ya ce tun damina ya sa wani manomi na nan ya tsinke duk 'ya'yan da ke jikin yaɗon ya bar wannan kaɗai, ana juya shi don kada gefe ɗaya ya kwanta. Shi zai fafe ya fitar da masakai biyu na ɗakin amarya. Ya ce binnewar ita ce dalilin zuwansa nan duk shekara: idan aka huda duma aka zuba masa ruwa aka rufe da yashi mai danshi, cikinsa ya ruɓe ya saki, fatar waje ta saluɓe da kanta, launi ya fito bai ɗaya. Ruwan kududdufin gari ɓata shi yake yi da tabo, zafi kuma tsaga shi yake yi wajen bushewa. Ƙayar don awakin makiyaya ce. Ya hana ni zuwa ne don kada in taka in fasa.

Na ce ko gyartai zai iya ɗinke shi. Ya ce ba a kai amarya da ɗinkakkiyar ƙwarya. Sannan ya ajiye duman ya dube ni.

"Me kake nema a ciki, Musaddiƙ?"

Rabon da ya kira ni da sunana na manta. Na ce wari na ji.

"Wanda ya ji wari hanci yake toshewa. Wa ya ce ka ɗauki fartanya?"

Na ce ba kowa. Ya ce to wa ya ce in zo. Na sunkuyar da kai. Ya jira, ya ga ba zan amsa ba, ya gyaɗa kai kamar na amsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki fartanyar, ya kama ta ta wajen ƙarfen ya miƙo mini ƙotar.

"Ga ɗaya can. Je ka tone shi ma, ka kai wa Shafi'i cikakken labari."

Na dubi ƙotar, na dubi ɗan tudun. Hawaye suka zubo mini, na ce Baba ka yi mini rai. Ya ce ba fushi yake yi ba, da gaske yake, in karɓa. Na ɓoye hannuwana a baya kamar yaro. Ya daɗe a haka da hannunsa a miƙe. Daga baya ya sauke, ya juya ya fara mayar da yashi a kan sauran duman, ya zuba musu ruwa, ya gyara ƙayar. Ɗan tudun nan bai zuba masa ruwa ba. Na lura da haka, na kuma ji haushin kaina da na lura.

Ya ba ni ruwa na wanke ƙafa, ya shafa mini man shanu a inda ƙaya ta yage ni, ya dama mini fura ya tsaya sai da na shanye. Da rana ta take ya cire bargon daga jikin rumfa ya sa mini a jaka, ya raka ni har gindin goriba. Muka tsaya a nan har muka ji babur. Ya ce in gaida Hajja Kaka, in gaya mata yajin ya yi. Ya ce in nemi malami ko likita a kan abin da ke damuna, kada in bar shi ya girma. Na jira ya ba ni saƙo zuwa ga Abba, bai bayar ba.

Abba ya sake rufe ƙofa da na dawo. Na ce masa duma ne, na gaya masa yadda ake yi, na gaya masa abin da na fasa da wadda aka yi wa. Ya ga bargon ya kau da kai. Ya tambaye ni ko na tabbata.

Na ce abin da na tona duma ne.

"Abin da ka tona? Akwai wanda ba ka tona ba?"

Da na so da na ce babu. Amma ya ce abin da na gani shi zan faɗa, na kuwa faɗa: ramin na biyu, da fartanyar da aka miƙo mini, da ƙin karɓata. Ya ce mutumin da yake da abin ɓoyewa ba zai miƙa fartanya ba. Sai kuma ya ce sai dai idan ya san ba za a karɓa ba. Duk biyun na riga na gaya wa kaina a kan babur.

Bai kai sunan ba. Da Maikasuwa ya dawo jin yadda aka yi, Abba ya ce masa ɗansa ya je ya kwana ya ga komai, ba abin da ke wurin sai duma, duk wanda ya sake ambaton yayansa su haɗu a gaban alƙali. Ina bakin ƙofa ina ji. Dangin Ɗayyabu ma ba su taɓa kai ƙarar kowa ba, har yau kuma ba shi ba labarinsa.

Hajja Kaka ba a gaya mata ba, amma ta sani. Ta kira Abba ta yi masa magana mai tsawo da Barbarci, ya fito idonsa ja.

Zafi ya zo Baba Kura bai dawo ba. Aka yi bikin Zulaikha da kwanoni da robobi, ƙwaryar da aka sa a jerenta a kasuwa aka sayo. Ruwa ya sauka, gonarsa ta bayan dutse ta cika da ciyawa, sai daga baya Abba ya sa aka watsa mata wake. Na je Babura na nemi Muhammad Sani, ya ce bukkokin suna nan ba kowa, an ce tsohon ya ƙetara can ciki wajen mutanen tsallake, wani ya gan shi a wata kasuwa yana zane. Ya faɗi haka yana kallona irin kallon da ya yi mini ranar farko. A tasha wasu suna cewa wanda ya ƙetare iyaka ya san abin da ya gudar wa. Wasu suna cewa zuciya ce irin ta Barebari.

Yanzu sanyi ya sake shigowa. Kwanan baya Abba ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, tunda wurin ba kowa ko zan koma in duba ɗayan ramin, hankalin kowa ya kwanta. Na ce ba zan je ba. Ya ce ko don a wanke yayansa. Na ce Baba Kura ya ba ni dama da hannunsa ban karɓa ba, ba zan je in yi a bayan idonsa ba kuma. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka ba. Ina tsoron abin da fartanya za ta faɗa a kai, ko da kuwa duma ne.

Hajja Kaka takan kira ni ɗakinta da hantsi in zauna kusa da kaskon wutarta. Ba ta tambayata rami. Sai ta ce in sake gaya mata yadda wurin yake, ko bukkar tana tare iska, ko na ga ɗanta yana cin abinci sosai. In gaya mata rumfar, da ƙorai masu launin zuma, da yadda yake hura wa wuƙa. Ta ce tun yana yaro haka yake hura wa koko ko da ya huce. Daga nan ta tambaye ni yaushe ya ce zai dawo, in ce mata bai faɗa ba.